Asalin Kalma da Asalin Mutum a Cikin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa

1.0 Gabatarwa

A Gubi, arewa da birnin Bauchi a kan hanyar Ningi, akwai mazaunin dindindin na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. An kafa jami'ar a shekarar 1980 a matsayin Jami'ar Fasaha ta Tarayya, aka sanya mata sunan da take amsawa yanzu a 1988. Ɗaliban da ke karatu a cikinta sun san mai sunan a matsayin Firayim Ministan Nijeriya na farko, wanda hotonsa ke jikin takardar naira biyar, wanda kuma aka kashe a juyin mulkin watan Janairun 1966. Amma ba kowa ne daga cikinsu ya san cewa tun kafin siyasa ta ɗauke shi, yana matashin malamin makaranta, ya rubuta ɗaya daga cikin ƙagaggun labarai biyar na farko da aka buga da Hausar boko ba, wato Shaihu Umar.

Wannan maƙala za ta waiwayi tarihin littafin, sannan ta bi diddigin wasu kalmomi da jigonsa ya ginu a kansu. Littafin ya buɗe ne da tambayar da almajirai suka yi wa malaminsu game da asalinsa, mu kuma irin wannan tambaya za mu yi wa kalmomin. Abin da muke son nunawa shi ne, kalmomin da Bahaushe yake auna mutum da su sun yi irin tafiyar da Umar ya yi: wasu a gida aka haife su, wasu sun ƙetaro hamada, amma duk sun zama 'yan gida. Muna ganin malamin da ya haɗa darasin adabi da na tarihin kalma a kan wannan littafi zai ba ɗalibansa makamin yin tunani a kan wata matsala da har yau ba ta kwanta ba a ƙasar Bauchi da sauran sassan Arewa, wato wane ne ɗan asali, kuma me ke mayar da mutum cikakken mutum.

2.0 Marubucin da Ƙasar da ta Haife Shi

An haifi Abubakar a watan Disamba na 1912 a garin Tafawa Ɓalewa, kudu da birnin Bauchi. Mahaifinsa, Yakubu Ɗan Zala, daga cikin Gerawa ya fito, kuma yana hidima ne a gidan hakimin Lere. Mahaifiyarsa, Fatima Inna, tana da jinin Gerawa da na Fulani. Ke nan wanda ya rubuta ɗaya daga cikin littattafan da muke koyar da daidaitacciyar Hausa da su ba ɗan sarauta ba ne, ba kuma daga tsatson Hausa bakwai ya fito ba. Ko sunan garin da ya zama sunansa ba Hausa ba ne. Bayanin da aka fi yarda da shi shi ne an samo shi daga kalmomin Fulatanci guda biyu masu ma'anar dutse da baƙi, harshen Bahaushe ya lanƙwasa su suka zama Tafawa Ɓalewa.

Tarihin masarautar ma haka yake. Malam Yakubu, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya kafa birnin Bauchi a 1809, daga Gerawa ya fito, kuma shi kaɗai ne daga cikin manyan masu tuta da ba Bafulatani ba. Abin da ya ɗaukaka shi almajirci ne a gaban Shehu. Game da sunan Bauchi kuwa, akwai ruwayoyi biyu. Ta farko ta ce an samo shi daga sunan wani maharbi, Baushe, wanda aka tarar a wurin. Ta biyu ta ce tun kafin jihadi Hausawa suna kiran yankunan da ke kudu da su ƙasashen Bauchi, inda suke kai harin kamun bayi, don haka wasu ke danganta sunan da bauta. Ko wacce ruwaya aka ɗauka, tarihi ya tabbatar da cewa a ƙarni na 19 ƙasar Bauchi na cikin wuraren da aka fi kamo bayi ana kai su kasuwannin Kano da na bayan hamada.

Abubakar ya yi karatun allo, ya yi makarantar Bauchi, sannan ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina daga 1928 zuwa 1933. Ya dawo ya koyar a Makarantar Midil ta Bauchi, ya tafi Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Landan a 1945, ya shiga Majalisar Arewa a 1946. A watan Agustan 1950 ya gabatar da shahararren ƙudurin nan nasa na neman a gyara tsarin mulkin En'e domin talaka ya samu bakin magana. Ya zama Firayim Minista a 1957. Mutum ne da ilimi ya kai shi inda haihuwa ba ta isa ta kai shi ba, kuma wannan na da muhimmanci ga fahimtar littafinsa.

3.0 Gasar 1933 da Zamanin da Aka Yi Ta

A shekarar 1933 Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin jagorancin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai domin samar wa makarantun boko abin karantawa. Littattafan da gasar ta haifar su ne Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East, sai Shaihu Umar, wanda aka buga a 1934. Marubucinsa bai wuce shekara 22 ba a lokacin.

East ya bayyana daga baya cewa ya sha wahala kafin ya shawo kan malamai su yarda cewa zama a rubuta labarin da bai faru ba aiki ne da ya dace da mai ilimi. Dalilin yana cikin kalmar kanta. Daga aikatau ɗin "ƙaga" aka samu "ƙagaggen labari", daga gare shi kuma aka samu "ƙage", wato ƙaryar da ake jingina wa mutum don a ɓata shi. A wurin malaman wancan zamani, tatsuniya ta mata da yara ce, alƙalami kuwa na gaskiya ne. Abubakar ya warware wannan matsala ta hanyar sanya labarin a bakin shaihin malami mai ba almajiransa tarihin rayuwarsa, a garuruwan da kowa ya sani. Rauta, inda labarin ya fara, gari ne na gaske a arewa maso yamma da Bauchi, wanda ya taɓa zama mazaunin sarkin Bauchi a ƙarshen ƙarni na 19.

Wajibi ne malami ya tuna wa ɗalibai cewa a 1933 bauta ba tsohon labari ba ce. Paul Lovejoy da Jan Hogendorn, a bincikensu na 1993, sun ƙiyasta cewa lokacin da Turawa suka ci Daular Sakkwato akwai bayi tsakanin miliyan 1 zuwa miliyan 2.5 a cikinta. Dokar Lugga ta 1901 ta hana kamu da cinikin bayi, ta kuma ce duk wanda aka haifa bayan ƙarshen watan Maris na wannan shekara ɗa ne, amma ba ta 'yanta waɗanda ke hannun iyayengiji kai tsaye ba. Sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya, shekara biyu bayan fitowar littafin. Ke nan a cikin yaran da suka fara karanta shi a aji akwai 'ya'yan masu bayi, akwai kuma 'ya'yan waɗanda aka kamo.

4.0 Labarin a Taƙaice

An haifi Umar a Kagara bayan rasuwar mahaifinsa. Mahaifiyarsa ta auri Makau, wani bafaden sarki, wanda 'yan'uwansa fadawa suka yi wa ƙage bayan wani harin kamun bayi, sarki ya kore shi daga gari. Kafin iyalinsa su iske shi, uwar ta tafi Fatika wajen iyayenta, aka sace yaron a bayanta. Ƙaddara ta kai shi Kano, ya faɗa hannun wani Balarabe mai fataucin bayi, Abdulkarim, wanda ya tafi da shi ƙasarsu ta Masar, ya riƙe shi tamkar ɗan cikinsa, ya sanya shi karatu har ya zama malami kuma limami. Uwar kuwa ta bazama nemansa, aka yaudare ta, aka mai da ita baiwa, aka ƙetara hamada da ita ta hanyar Murzuk da Tarabulus. Wani mafarki ya tayar wa Umar da begen mahaifiyarsa. Sun sadu a ƙarshe, amma wahala ta riga ta cinye ta, ba ta jima ba ta rasu. A hanyar dawowa ƙasar Hausa guguwar yashi ta halaka ayarin, Umar ya tsira, ya zauna a Rauta yana karantarwa.

Idan muka lura, duk abin da Bahaushe ke gane mutum da shi an raba Umar da shi tun yana ƙarami: bai ga ubansa ba, an raba shi da uwa, da gari, da dangi. Amma kuma shi ne mutumin da ake barin garuruwa a zo ɗaukar karatu a gabansa. Tambayar almajiransa tana da nauyi domin a al'adarmu ba a cika yarda da girman da ba a san tushensa ba.

5.0 Kalmomin da Jigon ya Ginu a Kansu

5.1 Asali, Tushe da Kai

Kalmar "asali" ta Larabci ce, daga "aslu", wato saiwa ko gindin abu. Jam'inta ne muke ji a cikin "usulul fiƙihu". Haka kuma "nasaba" da "zuriya" da "ainihi" da "sahihi" duk daga Larabci muka aro su. Wannan abin lura ne ƙwarai: kalmar da muke amfani da ita wajen ware ɗan gari daga baƙo ita kanta baƙuwa ce da ta zauna har aka manta ranar zuwanta. Babu Bahaushen da zai ce "asali" ba Hausa ba ce, domin ta karɓi tsarin harshen, ta haifi "asalinsa" da "na asali" da "ɗan asali".

Kafin zuwanta Hausa na da nata kalmomin, waɗanda yawancinsu daga gona da jikin mutum aka ɗauko su: tushe, da saiwa, da tsatso, da mahaifa, da inda aka binne cibiya. Mafi muhimmanci a cikinsu ita ce "kai". Bahaushe ya ɗauki sunan wannan gaɓa ya mayar da shi sunan zatin mutum, ya ce "ni da kaina", da "sanin ciwon kai", da "mallakar kai". Bawa shi ne wanda kansa ke hannun wani, shi ya sa idan ya biya kuɗi ya fita ake cewa ya fanshi kansa. Da wannan kalma ce aka gina "mulkin kai" da "'yancin kai", abin da marubucin Shaihu Umar ya karɓa a madadin Nijeriya ranar 1 ga Oktoban 1960.

5.2 Ɗa da Bawa

A Hausa kalmar "ɗa" na da ma'ana biyu: wanda aka haifa, da wanda ba bawa ba. Daga "'ya" da ɗafa-ƙeyar "-nci" aka gina "'yanci", kamar yadda a karin harshen yamma aka gina "ɗiyauci" daga "ɗiya". Ma'anar wannan ita ce, a tunanin magabatanmu 'yanci shi ne kasancewa ɗan wani, wato mutum ya zama yana da dangin da za su tsaya masa. Ba Hausa kaɗai ke da wannan tunani ba. A Fulatanci ana kiran ɗa mai 'yanci "dimo", jam'i "rimɓe", daga saiwar da ke nufin haihuwa, kuma daga wannan harshe ne Hausa ta aro "dimajo", wanda aka haifa cikin bauta. A Latin, harshen Rumawan da, kalma guda ce ke nufin 'ya'ya da kuma masu 'yanci.

Da wannan za a gane abin da ya faru da Umar. Ranar da aka sace shi ya daina zama ɗan kowa, saboda haka ya zama abin sayarwa. Ranar da Abdulkarim ya riƙe shi ɗa, ya sake zama ɗa ta ma'anonin biyu. Uwarsa kuwa, wadda aka haifa 'ya, da ta yi nisa da inda aka san iyayenta sai ta rasa mai shaidarta, aka sayar da ita. Littafin ya nuna cewa tsakanin ɗa da bawa babu wani bambanci na halitta, tsautsayin yini guda ya isa ya mai da wannan wancan.

Ita ma "bauta" ma'ana biyu gare ta: bautar ubangida da bautar Ubangiji. Haka abin yake a Larabci, inda "abdu" da "ibada" suka fito daga saiwa ɗaya. Sunan Abdulkarim kansa na nufin bawan Mai Karimci, ga shi kuwa mai sunan fataucin bayi yake yi. Umar ya kuɓuta daga bauta ta farko ya ƙare rayuwarsa a cikin ta biyu, wadda Musulmi ke ɗauka ita ce cikar 'yanci, shi ya sa kiran mutum "bawan Allah" girmamawa ce. A nan ya kamata a ja kunnen ɗalibai cewa kama a rubuce ba ta nuna dangantaka. "Baiwa" ta macen bawa da "baiwa" ta kyautar Allah rubutunsu ɗaya, amma karin sautinsu da tushensu daban.

5.3 Hali

"Hali" daga Larabci take, daga "halu", wadda saiwarta ke ɗauke da ma'anar juyawa da sauyawa. A can tana nufin yanayin da mutum ke ciki yau, wanda gobe zai iya gushewa. Hausa ta riƙe wannan ma'ana a cikin "halin da ake ciki" da "mai hali", amma ta ƙara mata wata da ta zama kishiyarta, har aka ce hali zanen dutse. Shaihu Umar ya tsaya ne a tsakanin ma'anonin nan biyu. Halin da Umar ke ciki ya sauya sau da yawa, daga maraya zuwa agola, zuwa sataccen yaro, zuwa ɗan riƙo, zuwa shaihi, amma halinsa na haƙuri da ladabi bai sauya ba, kuma shi ne ya ja hankalin waɗanda suka taimake shi.

A lacca da aka buga a 1974 mai suna Mutumin Kirkii, Anthony Kirk-Greene ya lissafa siffofi goma da Bahaushe ke auna nagarta da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Shida daga cikinsu, wato amana, karamci, hankali, ladabi, hikima da adalci, saiwarsu ta Larabci ce. Gaskiya da kunya da mutunci kuwa na gida ne, kuma "mutunci" daga "mutum" aka gina ta. "Karamci" da "adalci" sun fi kama da Umar, domin gangar jikinsu ta Larabci ce, ɗafa-ƙeyarsu ta Hausa. Babu asali ko nasaba a cikin jerin.

5.4 Kalmomin da Suka Biyo Ayari

Hanyar da Umar da mahaifiyarsa suka bi ita ce hanyar da ɗimbin kalmominmu suka biyo. "Shaihu" da "Shehu" daga "shaikhu" suke, "malam" daga "mu'allimu", "almajiri" kuwa daga "almuhajiru", wanda ya bar gida. Wasu sun shigo da harafin "al-" na Larabci manne a goshinsu, kamar alƙali, da alƙalami, da allo. A wasu kuma "l" kaɗai ta rage, kamar littafi, da liman, da labari, da lahira. Joseph Greenberg ya nuna a 1960 cewa "karatu" da "rubutu" ta hannun Barebari suka iso mana, abin da ya dace da tarihin Borno a matsayin tsohuwar cibiyar ilimin Alƙur'ani. Daga harsunan Buzaye da danginsu kuma muka samu raƙumi, da takobi, da takarda, kamar yadda Maarten Kossmann ya tattauna a 2005. Ita "takarda" ma can asalinta daga Latin ta shiga harsunan hamada.

Wannan hanya ta kawo littafi da alƙalami, ita ce kuma ta tafi da mutane a ɗaure. Ta ci gaba da aiki duk da hanin da Daular Usmaniyya ta yi wa cinikin bayi a 1857, har zuwa lokacin da jirgin ƙasa ya iso Kano, Italiya kuma ta mamaye Tarabulus, duka a 1911. Marubucin bai ɓoye ko ɗaya daga fuskokin nan biyu ba.

5.5 Boko

An daɗe ana koya wa ɗalibai cewa "boko" daga kalmar Ingilishi mai nufin littafi aka samo ta. Liman Muhammad ya yi jayayya da wannan tun 1968, sannan Paul Newman ya tabbatar a 2013 cewa kalmar ta Hausa ce tsantsa, mai nufin abin da ba na gaskiya ba, kamar yadda muke ji a "amaryar boko" da "biri boko". Tsarin sautin Hausa ma bai ba da damar kalmar Ingilishin ta rikiɗe ta zama "boko" ba. Magabata sun kira karatun Nasara da wannan suna ne domin sun ɗauke shi jabu idan aka gwada shi da karatun Muhammadiyya.

Ke nan ɗan boko ne ya rubuta tarihin shaihin allo da haruffan boko. Muna iya cewa matashin da ya fito daga Kwalejin Katsina yana amsa wata tuhuma ce da ake yi wa irinsa, cewa wanda baƙi suka rena ya tashi daga ɗan gida. Umar ma baƙi suka rene shi a wata ƙasa, ya dawo da iliminsu ya amfani mutanensa, ba wanda ya ce masa jabu.

6.0 Abin da Littafin ya Faɗa da Inda ya Yi Shiru

Karin maganarmu ya rabu biyu a kan asali. Wani ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, wani kuma ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, wani ya ce ɗa na kowa ne. Shaihu Umar ya karkata ga cewa tarbiyya da ilimi da tsoron Allah su ke yin mutum. Duk da haka bai zubar da jini ba, domin duk girman da Umar ya samu a Masar bai hana shi tashi neman uwar da ta haife shi ba. A ganin marubucin, cikakken mutum shi ne wanda ya san inda ya fito, ya iya faɗinsa a gaban almajiransa ba tare da jin kunya ba, amma ba da shi yake taƙama ba.

Akwai kuma inda littafin ya yi shiru, kuma bai kamata malami ya rufe wannan ba. Babu inda aka fito fili aka la'anci bauta a matsayin tsari. Makau, wanda muke tausaya wa, mai kai harin kamun bayi ne. Abdulkarim, wanda ya yi wa Umar gata, da cinikin 'ya'yan wasu yake cin abinci. Mutanen ƙauyen da aka kai wa hari ba mu san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Sannan haƙurin da ya kai ɗa ga shaihunci bai kai uwa ga komai ba sai kabari a baƙuwar ƙasa. Masu nazari sun saɓa a kan ko wannan shiru amincewa ce da ƙaddara, ko kuwa dabara ce ta matashin da ke aiki a ƙarƙashin En'e da Turawa, wanda ya bar wahalar uwar ta yi magana a madadinsa. Wannan saɓani abin kai wa aji ne. Fassarar Ingilishi da Mervyn Hiskett ya yi a 1967, da wasan kwaikwayon Umaru Ladan da Dexter Lyndersay na 1975, da fim ɗin Adamu Halilu na 1976, wanda aka gyara aka sake nunawa a Balin a 2018, duk suna ba da damar kwatanta yadda kowane zamani ya fahimci labarin.

7.0 Shawarwari ga Malamai da Masu Tsara Manhaja

A ajin Hausa na jihar Bauchi akwai 'ya'yan Gerawa, da Jarawa, da Sayawa, da Fulani, da Hausawa, da wasunsu, kuma da yawa daga cikinsu Hausa ce harshensu na farko, harshen kakanninsu kuwa yana ja da baya. Har yau ana binciken asali kafin a ba da aure, ana kuma neman takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma kafin a samu gurbin karatu ko aiki. Garin da marubucin ya ɗauki sunansa ya sha rikici a 1991 da 2001 da 2011, kuma batun wane ne mai gari na cikin abubuwan da suka hura wutar. Bisa wannan muke ba da shawarwari kamar haka:

(a) A haɗa darasin ararrun kalmomi da na ƙagaggen labari a zango guda a babbar sakandare, maimakon a raba su tsakanin harshe da adabi. Ɗalibai su tsamo kalmomi daga babi guda na littafin, su kasa su gida uku: na gida, na aro, da masu saiwar aro da ɗafin Hausa.

(b) A koya wa ɗalibai bambanta binciken asalin kalma da shaci-faɗi. Labarin cewa sunan Hausa daga "hau sa" ya fito, da tsohon bayanin "boko", misalai ne masu kyau. A saba musu da duba ƙamus, musamman na Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006.

(c) A zana taswirar tafiyar Umar da ta mahaifiyarsa tare da malamin tarihi, a rubuta a kan kowane zango kalmomin da suka shigo Hausa ta wannan hanya.

(d) A shirya muhawara a kan matsayin Abdulkarim, da kuma dalilin da ya sa ƙarshen uwa ya bambanta da na ɗa.

(e) A ba ɗalibai aikin tambayo dattawa kalmomin da ke nufin ɗa, da baƙo, da mutumin kirki a harsunan yankinsu. Amma kada malami ya nemi wani ɗalibi ya bayyana ko kakanninsa bayi ne ko masu bayi, domin wannan na iya zama abin gori a wajen aji.

(f) A sanya tarihin kalma cikin kwasa-kwasan Hausa na kwalejojin ilimi, domin malamin da bai san tushen "'yanci" ko "hali" ba ba zai iya kai ɗalibi ga wannan zurfi ba.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi tarihin Shaihu Umar daga ƙasar Bauchi ta ƙarni na 19 zuwa gasar 1933, ta kuma duba asalin kalmomin asali, kai, ɗa, bawa, hali da boko. Mun ga cewa marubucin, da tauraronsa, da kalmomin da ya yi aiki da su, duk sun haɗa abin da aka gada da abin da aka samo a hanya, kuma wannan haɗuwa ba ta rage musu sahihanci ba. Ɗalibin da ya gane cewa "asali" ararriya ce, "boko" kuma haifaffiyar gida, zai yi taka-tsantsan kafin ya yanke wa abokin zamansa hukunci da sunan kakansa. Littafin ƙarami ne, ana iya karance shi cikin mako biyu, saboda haka samar masa gurbi a manhaja ba zai takura wa sauran darussa ba.